Tambayoyin Lissafi Masu Harshen Damo A Jarrabawa

Kowace shekara idan sakamakon jarrabawa ya fito, aka ga yawan yaran da suka faɗi a lissafi, sai a shiga neman wanda za a ɗora wa laifi. Iyaye su ce malamai ba su koyarwa, malamai su ce yara ba su karatu, gwamnati kuwa ta kafa kwamiti. A cikin wannan hayaniya akwai wani wanda ba safai a ke ambatonsa ba, watau mutumin da ya zauna a ofis ya rubuta tambayar da yaron ya faɗi a kanta. Jama'a sun ɗauka cewa lissafi ba ya ƙarya, biyu da biyu huɗu ne ko a Ikko ko a Sakkwato, saboda haka duk abin da hukumar jarrabawa ta ce shi ne amsa, to, shi ne. Alƙaluma kam ba su ƙarya. Amma da yawa daga cikin tambayoyin jarrabawa a cikin labari a ke naɗe su: wani ɗan kasuwa ya sayi kaza ya sayar kaza, wata mota ta tashi daga gari kaza da ƙarfe kaza. Labari kuwa da kalmomi a ke yinsa, kalma kuma tana iya zama mai harshen damo.

Al'amarin ba na wasa ba ne. Yaron da ke son shiga ɗaya daga cikin kwalejojin Gwamnatin Tarayya sai ya ci jarrabawar shiga wadda Hukumar NECO ke shiryawa. Wanda ya gama sakandare, in yana son karatun injiniya ko likita ko akanta, tilas ne ya sami kiredit a lissafi a jarrabawar WAEC ko ta NECO, sa'an nan ya fuskanci ta Hukumar JAMB wadda aka kafa a 1978. A jarrabawar JAMB ana ba ɗalibi tambayoyi 180 ya amsa cikin awa biyu, watau daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Cikin waɗannan daƙiƙoƙi zai karanta, ya fahimta, ya yi lissafi, ya zaɓi amsa. In tambayar ta ɗauki ma'ana biyu, babu wanda zai ɗaga hannu ya tambaya. Maki kaɗan ne kuwa ke raba wanda ya sami shiga da wanda zai koma gida ya jira baɗi, uban kuma ya sake neman kuɗin fom.

DA'IRA BIYU

Shahararren misali na irin wannan tambaya a ƙasar Amurka ya faru. A watan Mayu na 1982 ɗalibai wajen 300,000 suka zauna jarrabawar neman shiga jami'a da a ke kira SAT. A cikinta an zana da'ira biyu, ƙarama da babba, suna taɓa juna, aka ce faɗin babbar ya kai uku na ƙaramar. Aka ce ƙaramar ta mirgina a jikin babbar har ta kewaye ta, ta dawo inda ta tashi. Sau nawa ta juya? Amsoshin da aka jera su ne ɗaya da rabi, uku, huɗu da rabi, shida da kuma tara. Masu jarrabawa uku su ke nufi, kuma dalilinsu a fili ya ke: kewayen babbar ya kai uku na kewayen ƙaramar, don haka sau uku za ta mirgina.

Ɗalibai uku kaɗai suka rubuta wa hukumar suka ce amsar gaskiya ba ta cikin jerin, domin kuwa huɗu ce. Aka duba, aka ga lalle yaran ne ke da gaskiya. Aka soke tambayar, aka sake lissafa makin kowa.

Mai karatu na iya gwada wannan a gida, tunda gani ya kori ji. A sami murfin kwalba biyu iri ɗaya, a danne ɗaya a kan tabarma, a mirgina ɗayan a jikinsa haƙori cikin haƙori. Hankali zai ba mutum cewa juyi ɗaya zai yi, tunda girmansu ɗaya. Amma kafin ya kai rabin hanya sosai, za a ga rubutun da ke kansa ya kusa miƙewa, yana kaiwa rabin hanya kuwa ya miƙe cak kamar yadda ya fara. Kafin ya dawo gida ya yi juyi biyu. Dalili shi ne, da za a warware kewayen babbar da'irar nan a shimfiɗa shi kamar igiya, sau uku ƙaramar za ta mirgina a kansa. Amma hanyar ba a shimfiɗe ta ke ba, ita kanta a lanƙwashe ta ke, kuma zagayen da aka yi mata ya ƙara juyi guda.

Inda abin ya ke da ban sha'awa shi ne, uku ɗin nan ma ba ƙarya ba ce ɗungum. Da a ce wata tururuwa na zaune a tsakiyar babbar da'irar tana juyawa tana bin ƙaramar da ido, sau uku za ta ga alamar da ke jikinta ta fuskanto ta. Wanda ke kallon takardar daga sama shi ne zai ga huɗu. Wani kuma na iya cewa kalmar Turancin da aka yi amfani da ita, a bakin masana taurari, zagaye ta ke nufi, irin wanda duniya ke yi wa rana, in haka ne kuwa amsar ɗaya ce. Kalma guda ke nan ta haifi amsa uku. Wannan bambanci ma yana nan a sararin sama: a shekara guda rana na fitowa sau 365 da kwata, amma in da taurari aka auna, duniya na juyawa sau 366 da kwata, kowane juyi awa 23 da minti 56.

Kafin wannan, a jarrabawar share fage ta watan Oktoba na 1980, an yi wata tambayar a kan dala biyu. Ɗaya tana da fuska huɗu, duk masu kusurwa uku. Ɗayar kuma irin dalar gyaɗar Kano ce ta da, gindinta mai kusurwa huɗu, gefenta fuska huɗu masu kusurwa uku, jimla biyar. Dukan fuskokin masu kusurwa uku girmansu ɗaya. Aka ce in an manna dalar biyu fuska da fuska, fuska nawa za ta rage a waje? Masu jarrabawa suka tara huɗu da biyar, suka ɗebe biyun da aka manne, suka ce bakwai. Wani yaro ɗan shekara 17 a Jihar Fulorida ya ce biyar. Ya haɗa dalar da hannunsa ya nuna cewa idan an manna su, fuskoki biyu na wannan kan daidaita da fuskoki biyu na waccan su zama shafi ɗaya, babu ƙarya a tsakaninsu. A 1981 hukumar ta amsa laifinta, ta ƙara wa ɗalibai 240,000 maki.

Abin lura a nan shi ne yadda aka yi yaran suka iya yin gardama tun farko. A 1979 Jihar Niyok ta kafa doka wadda ta tilasta wa masu shirya irin waɗannan jarrabawa su bayyana tambayoyi da amsoshinsu bayan an gama. Daga nan ne ɗalibi ya sami ikon ganin abin da aka ce ya faɗi a kai. Tambayoyin nan biyu sun bi ta hannun ƙwararru kafin a buga su, amma sai da suka faɗa hannun yara sa'an nan aka gane aibinsu.

SULUSIN ME?

Idan haka ta faru ga yaran da Turanci ne harshen da suka sha a nono, ina ga yaron Sabo a Badun, ko na Agege, ko na wani ƙauye a Katsina, wanda Turanci shi ne harshensa na biyu ko na uku? Rahotannin manyan masu duba takardu na Hukumar WAEC sun sha nanata cewa ɗaya daga cikin raunin ɗalibai shi ne kasa juya tambayar da ke cikin labari zuwa alƙaluma. Wannan rauni iri biyu ne, kuma ya kamata a raba su. Akwai inda tambayar ta fito sarai amma yaron bai ji Turancin ba. Akwai kuma inda tambayar ce da kanta ba ta tsaya wuri ɗaya ba, ko Bature ne ya karanta sai ya yi waswasi.

A ɗauki maganar ninki. Audu yana da naira 40, Bala kuma ya fi shi sau uku. Nawa ne a hannun Bala? Wani zai ce 120, watau arba'in sau uku. Wani kuma zai ce a'a, cewa aka yi ya fi shi, don haka rarar da ke tsakaninsu ita ce arba'in sau uku, a ɗora ta a kan arba'in ɗin Audu ta zama 160. Turanci ma yana da wannan matsala daidai wa daida, kuma masu jarrabawa galibi 120 su ke nufi. Yaron da ya tsaya ya yi tunani mai zurfi a kan kalmar fifiko shi ne zai faɗi, wanda ya karanta sama-sama ya ci. Babu jarrabawar kirki da ta kamata ta hukunta yaro don ya karanta da natsuwa.

Haka kuma maganar riba. Ɗan kasuwa ya sayi mudun gero naira 80 ya sayar naira 100. Littafin makaranta zai ce ribarsa kashi 25 cikin ɗari ce, domin a kan uwar kuɗi a ke auna ta, ashirin kuwa rubu'in tamanin ce. Amma mai shago da yawa, in ya ƙirga cinikinsa da yamma, cewa zai yi a cikin kowace ɗari da ta shiga aljihunsa ashirin tasa ce, watau kashi 20. Dukansu babu wanda ya yi kuskuren lissafi. Ɗan da ya tashi a shagon ubansa ya san ciniki fiye da mai tambayar, amma sai an gaya masa cewa a ɗakin jarrabawa al'adar makaranta a ke bi, in ba a faɗi wani abu dabam ba. Kusa da wannan akwai farashin da ya ƙaru da kashi 200 cikin ɗari, da wanda ya koma kashi 200 cikin ɗari. Na farko ya zama uku na yadda ya ke a da, na biyu ya zama biyu.

Malaman rabon gado sun daɗe da sanin wannan rami, tun kafin a san wani abu wai shi jarrabawar boko. Akwai mas'alar da su ke kira Garrawaini, ko Umariyyataini. Mace ta rasu ta bar miji da uwa da uba, ba ta da ɗa. Miji na da rabi, uwa na da sulusi. To, sulusin me? In dukiyar shanu 60 ce, miji ya ɗauki 30. Idan sulusin dukiya duka ne, uwa ta sami 20, uba ya tashi da 10. Idan kuwa sulusin abin da ya rage ne, uwa ta sami 10, uba 20. Sayyidina Umar ya yi hukunci da sulusin abin da ya rage, kuma a kan haka mafi yawan malamai su ke, har da na mazhabar Malikiyya, amma Ibn Abbas yana ganin sulusin duka ne. Almajirin da ya karanta wannan babi ya koyi darasin da ɗan boko ke bukata: duk inda aka ce rabi ko sulusi ko kashi kaza, abin da za a fara tambaya shi ne, na me? Tambayoyin jarrabawa cike su ke da mutumin da ya kashe sulusin albashinsa a abinci, sa'an nan rubu'i a haya. In mai tambaya bai faɗi ko rubu'in albashi ba ne ko rubu'in saura, ya bar yaro a tsakiyar kogi.

Sai kuma ƙirga. Lambobi nawa ne tsakanin 10 da 20? In an sa goman da ashirin ɗin a ciki, sha ɗaya ne, in an fid da su, tara. Shinge mai tsawon mita 100, ana kafa dirka kowace mita goma, dirka nawa? In shingen miƙe ya ke, sha ɗaya, in kuwa ya kewaye garka ya haɗe da kansa, goma. Ƙirgar kwanaki ta fi duka rikici, domin kowace al'umma da yadda ta ke yi. Jaririn da aka haifa ran Litinin, Bahaushe zai ce ran Litinin mai zuwa ya kwana bakwai, a yi suna. Maƙwabcinsa Bayarabe wannan ranar ce ya ke kira rana ta takwas, domin shi yana ƙirgawa har da ranar haihuwa, kamar yadda ya ke kiran kasuwar da ke ci bayan kowane kwana huɗu kasuwar kwana biyar. Mutanen Jamhuriyar Nijar da suka yi karatun Faransanci sun san cewa Bafaranshe na kiran mako biyu kwana goma sha biyar. Takardar WAEC kuwa guda ce ga yaran ƙasar nan duka, kuma hukumar ta haɗa Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya. Mai tambayar da ya rubuta "bayan kwana biyar" bai faɗi ranar da za a fara ƙirga ba, ya ɗauka kowa irin ƙirgar gidansu ya ke yi.

IN ƁERA DA SATA

Sai dai kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba kullum ne laifin ke kan tambaya ba. Akwai wata ɗabi'a da makaranta ke cusa wa yara ba da gangan ba, watau su daina sauraron labarin, su tsinci lambobi kawai su dama. A wajen 1980 waɗansu masu bincike a garin Girinobul na ƙasar Faransa suka ba yara 97 'yan firamare wata tambaya: a cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin jirgin nawa? Yara 76 suka ba da amsa da lambobin nan, galibi suka tara suka ce 36. Waɗannan yara ba wawaye ba ne. In a gida aka yi musu wannan tambaya dariya za su yi. Amma sun riga sun koya cewa a aji kowace tambaya tana da amsa, kuma amsar tana cikin lambobin da aka bayar.

A Amurka ma, a wani gwaji na ƙasa da aka bayyana sakamakonsa a 1983, an tambayi yara 'yan shekara 13: sojoji 1,128 za a kai filin horo, kowace mota na ɗaukar 36, mota nawa a ke bukata? Kashi 70 cikin ɗari suka yi rabawar daidai. Amma kashi 29 suka rubuta mota 31 da saura 12, kashi 18 suka ce 31, kashi 23 ne kaɗai suka ce 32. Kowane ɗan kamasho a tashar mota ya san cewa in mutum goma sha biyu suka rage, wata motar za a kira.

Waɗansu malamai, don neman sauƙi, kan koya wa yara farautar kalmomi: in ka ga "fi" ka tara, in ka ga "saura" ka ɗebe. Wannan dabara tana aiki har ranar da za a ce Audu yana da awaki 12, ya fi Bala da 5, awaki nawa Bala ke da su? Yaron da ya ga "fi" ya tara zai ce 17, alhali 7 ne. A nan tambayar ba ta da aibi ko kaɗan, koyarwar ce ta yaudare shi.

Turancin lissafi kuma yana da nasa tarkon. Kalmomi da dama da yaro ya sani a titi suna sake riga in sun shiga aji. "Table" ba teburin cin abinci ba ne, jadawali ne. "Volume" ba ƙarar rediyo ba ce, yawan abin da mazubi ke ci ne. "Product" ba hajar kamfani ba ce, abin da ke fitowa ne in an yi sau. Mafi muni shi ne tsarin jimla. Bature in zai ce a ɗebe biyar daga wata lamba, sau da yawa biyar ɗin ya ke fara ambata, sai yaro ya bi kalmomin yadda suka zo ya rubuta biyar a gaba, lissafin ya kife. Abin mamaki, Hausa a nan ta fi dacewa da alƙalami. Bahaushe kan ce ashirin ba biyu, watau sha takwas, babbar lamba a gaba, abin ɗebewa a baya, daidai yadda a ke rubutawa. Haka nan in ya ce lemo uku naira goma, ya bambanta da lemo uku naira goma-goma, kuma ba mai rikita su, alhali a Turanci wata 'yar ƙaramar kalma ce a ƙarshen jimla ke ɗauke da wannan bambanci, wadda idon mai sauri ke iya tsallakewa.

KO HAUSA ZA TA RABA GARDAMA?

Wannan ne ya sa maganar harshen koyarwa ba ta rabuwa da maganar lissafi. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na firamare kafin a koma Turanci. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka fara gwajin koyar da yara dukan darussa da Yarbanci har shekara shida, lissafi ma a ciki, kuma yaran ba su kasa takwarorinsu ba, a darussa da dama ma sun fi su. A ƙarshen 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a dukan shekarun firamare shida, amma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke wannan tsari, aka koma Turanci. An sha irin wannan kai-komo a kan lissafin kansa: a watan Janairu na 1977, a wani taro a Binin, Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya soke abin da a ke kira lissafin zamani a makarantu. An yi ta gardama a kan abin da za a koyar da harshen da za a koyar da shi. Yadda a ke rubuta tambayar kuwa, wanda gyaransa ya fi duka araha, bai sami mai yi masa gardama ba.

Kada kuma a ɗauka cewa da an juya tambaya zuwa Hausa shi ke nan an huta. Hausa ma tana da nata damon. In an ce dubu ɗari da hamsin, 150,000 a ke nufi ko 100,050? Yawanci na farko, amma sai an ƙara wata kalma kafin a fid da na biyu. In an ce rabin takwas da huɗu, wani zai raba takwas ya ƙara huɗu ya sami takwas, wani zai tara su tukuna ya raba ya sami shida. Dattawan da suka ga canjin kuɗi na ran 1 ga Janairu, 1973, sun tuna cewa sule da ke da kwabo 12 ya wayi gari yana da kwabo 10, fam ya zama naira biyu, jaka ta zama naira 200, mutane kuwa suka ci gaba da ciniki da tsofaffin sunayen shekara da shekaru. Kowane harshe a ke jarrabawa da shi, sai mai tambaya ya ɗaure kalmominsa tamau.

Akwai shaida cewa ɗaurin yana da amfani. A 2001 waɗansu masu bincike biyu a Amurka, Jamal Abedi da Carol Lord, suka ɗauki tambayoyin lissafi na gwajin ƙasa suka sauƙaƙa Turancinsu, suka gajarta jimloli, suka cire baƙin kalmomi, amma ba su taɓa lissafin da ke ciki ba. Suka gwada a kan ɗalibai sama da dubu. Makin ya ɗan ƙaru, kuma waɗanda suka fi amfana su ne yaran da Turanci ba harshen gidansu ba ne da 'ya'yan talakawa. Ma'ana, wani ɓangare na abin da a ke aunawa da sunan lissafi, Turanci ne.

Ga malamin aji kuwa, akwai wata hanya mai sauƙi da wata malama a Ostareliya, Anne Newman, ta fito da ita a 1977. Ta zauna da yaran da suka faɗi tambayoyi, ɗaya bayan ɗaya. Ta kan sa yaro ya karanta tambayar da ƙarfi, ya faɗi abin da a ke nema da bakinsa, ya faɗi yadda zai ɓullo mata, sa'an nan ya yi lissafin, ya rubuta amsa. Ta tarar kusan rabin kurakuran sun faru tun kafin yaro ya kai ga tarawa ko ɗebewa. Malamin da ke Funtuwa ko Shagamu ba ya bukatar wani kayan aiki don yin haka. In ya sa yaro ya maimaita tambayar da Hausa, nan take zai gane ko a Turanci ya ɓace ko a lissafi. Wanda ya ɓace a Turanci, ko an ba shi jimloli ɗari na rabawa ya yi, ciwonsa na nan.

Shi kuma ɗalibin da ke cikin ɗakin jarrabawa, abin da ya rage masa dabara ce. A takardar da a ke nuna aiki, irin ta biyu ta WAEC, ana ba da maki a kan hanya ko da amsar ƙarshe ta kauce, saboda haka in ya ga tambaya ta ɗauki ma'ana biyu, ya rubuta a fili wadda ya ɗauka, ya zana hoto in da hali, ya bi ta har ƙarshe. A tambayoyin canki-canka babu wannan dama. A nan sai ya lissafa ta fuska biyun ya duba wadda ke cikin jerin. In duka biyun suna ciki, ya bi al'adar littafin makaranta, domin mai tambayar daga can ya fito: riba a kan uwar kuɗi, sau uku a kan abin da aka fara ambata. Kada ya ƙone minti uku a kan tambaya guda yana gardama da wanda ba ya nan.

Nauyi mafi girma dai yana kan hukumomin jarrabawa. A watan Mayu na 2025 shugaban Hukumar JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa an sami tangarɗar na'ura wadda ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a Jihar Ikko da jihohin Kudu maso Gabas, ya nemi gafara, aka sake musu jarrabawa. Wannan kuskure ya fito fili ne domin ya faɗa kan mutane da yawa a lokaci guda, suka yi kuka aka ji. Kuskuren kalma ba ya yin ƙara haka. Tun da aka koma yin jarrabawar da kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ɗalibi kan fito hannu rabbana, babu takardar tambaya da zai kai wa malaminsa su duba tare. Abin da zai yi magani shi ne, kafin a sa kowace tambayar labari a jarrabawa, a ba yara daga sassa dabam-dabam na ƙasar nan su karanta su faɗi abin da suka fahimta da harshensu, a sa malamin harshe ya zauna tare da malamin lissafi wajen tacewa. Bayan jarrabawa kuma hukuma ta buga tambayoyin da ba za ta sake amfani da su ba tare da amsoshinta, ta ba makarantu da ɗalibai wa'adin mako biyu ko uku su kawo ƙorafi a rubuce kafin a rufe sakamako.